Kiredit huɗu da maki 100: me sabuwar ƙa'idar shiga foliteknik da kwalejin ilimi ke nufi ga 'ya'yan Hausawan Legas?

Tun da Ma'aikatar Ilimi ta Tarayya ta sanar da sassauta sharuɗɗan shiga manyan makarantu a watan Oktoban 2025, magana biyu ke yawo a majalisun Agege da Idi-Araba da rumfunan Mile 12. Wasu na cewa an cire lissafi gaba ɗaya, wasu kuma na cewa yanzu duk wanda ya gama sakandare zai samu makaranta. Kowacce tana da ƙamshin gaskiya, amma babu wadda ta cika. Abin da ya ƙara rikita iyaye a nan Legas shi ne, a daidai lokacin da ake faɗaɗa ƙofar shiga foliteknik da kwalejin ilimi, su kansu makarantun suna ta rikiɗewa zuwa jami'o'i. Uban da ya san Laspotech, foliteknik ta Jihar Legas, a Ikorodu shekara goma da suka wuce, in ya je nemanta yau da wannan suna, wata makaranta daban zai tarar.

Makarantun da ake magana a kansu

Tsakanin sakandare da jami'a akwai wani mataki da aka gina don ɗan talaka ya samu takarda da sana'a cikin lokaci kaɗan, kusa da gida, da kuɗi mai sauƙi. A Amurka kwalejojin al'umma na shekara biyu ne ke wannan aiki. A Najeriya foliteknik da kwalejin ilimi da ƙananan kwalejojin fanni guda, kamar na lafiya da na noma, su ne suka ɗauki nauyin.

A foliteknik, wato kwalejin kimiyya da fasaha, ɗalibi yana yin shekara biyu ya samu difloma ta ƙasa, ND. Daga nan ya fita ya yi shekara guda ta sanin makamar aiki a kamfani ko ma'aikata, sannan ya sake neman gurbi don babbar difloma, HND, wadda ita ma shekara biyu ce. Kalmar "sake nema" tana da muhimmanci, domin gama ND ba ya ba ɗalibi kujerar HND kai tsaye. Hukumar kula da ilimin fasaha ta ƙasa, NBTE, mai hedikwata a Kaduna, wadda aka kafa a 1977, ita ke tantance kwasa-kwasai, ita kuma ke ƙayyade yawan ɗaliban da kowane sashe zai iya ɗauka gwargwadon malamansa da kayan aikinsa.

A kwalejin ilimi shekara uku ake yi a samu takardar shaidar malanta ta NCE, wadda tsarin ilimi na ƙasa ya ajiye a matsayin mafi ƙarancin takardar koyarwa. Hukumar kwalejojin ilimi ta ƙasa, NCCE, ce ke sa ido a kansu. Mai ND ko NCE da sakamako mai kyau yana iya shiga jami'a ta hanyar shiga kai tsaye ta JAMB, yawanci ya fara daga aji biyu.

Abin da ƙa'idar ta ce

A da, ɗalibi na buƙatar kiredit biyar har da Turanci da lissafi kafin yawancin makarantu su saurare shi. Sabon tsarin ya ce matakin ND kiredit huɗu ya isa, da sharaɗin Turanci ga kwasa-kwasan da ba na kimiyya ba, lissafi kuma ga na kimiyya. NCE ma kiredit huɗu ne: Turanci dole ga masu adabi da zamantakewa, lissafi dole ga masu kimiyya da sana'a da fasaha. Jami'a tana nan a kan biyar, sai dai ɗan sashen adabi ba a tilasta masa kiredit a lissafi ba. Ma'aikatar ta sake fitowa daga baya ta fayyace cewa kowane ɗalibin sakandare zai ci gaba da rubuta Turanci da lissafi a jarrabawar kammalawa. Don haka ba a cire lissafi daga makaranta ba, an sassauta ne wajen ɗaukar wasu ɗalibai a wasu fannoni.

Hujjar gwamnati ita ce sama da mutum miliyan biyu ke neman jarrabawar JAMB duk shekara, amma kimanin 700,000 ne ke samun gurbi, kuma tana sa ran sassaucin zai ƙara ɗalibai 250,000 zuwa 300,000 a shekara.

Akwai layi ɗaya a cikin sanarwar da bai samu yaɗuwa ba, alhali shi ya fi shafar aljihun iyaye. Matakin HND yana nan a kan kiredit biyar, har da Turanci da lissafi duka biyun. Yaron da ya shiga ND a fannin koyon aikin jarida ko gudanar da ofis da kiredit huɗu babu lissafi, zai gama shekara biyunsa, ya yi shekarar sanin makamar aiki, sannan ya tarar da lissafin da ya gudu yana jiransa a bakin ƙofar HND. Mafita ita ce ya sake rubuta jarrabawar WAEC ko NECO ta masu zaman kansu tun yana cikin ND. Wanda bai san haka da wuri ba zai rasa shekara ɗaya ko biyu, kuma a irin wannan zaman jiran ne da yawa ke komawa shago ko kasuwa, ba su sake waiwayar aji ba.

Sai maganar makin jarrabawar JAMB. A taron tsara manufofi na 2025, JAMB da shugabannin makarantu sun amince da 150 a matsayin mafi ƙarancin makin shiga jami'a, 140 ga kwalejojin aikin jinya, 100 ga foliteknik da kwalejin ilimi, duk a cikin 400. Wannan ƙasan rijiya ne kawai: babu makarantar da za ta sauka ƙasa da shi, amma kowacce tana da ikon ɗaga nata. Makarantar da ake rububinta kamar Kwalejin Fasaha ta Yaba, wato Yabatech, ba ta tsayawa a 100, musamman a kwas irin su kwamfuta da akanta da aikin jarida. Maki 100 yana aiki ne a inda kujeru suka fi masu nema yawa.

Legas: mataki na tsakiya yana ƙanƙancewa

A watan Fabrairun 2022 Gwamna Babajide Sanwo-Olu ya sa hannu a dokokin da suka mayar da makarantun jiha uku zuwa jami'o'i biyu. Foliteknik ta jiha da ke Ikorodu ta zama Jami'ar Kimiyya da Fasaha ta Jihar Legas, LASUSTECH. Kwalejin Ilimi ta Adeniran Ogunsanya da ke Oto-Ijanikin da Kwalejin Michael Otedola da ke Epe aka haɗe su suka zama Jami'ar Ilimi ta Jihar Legas, LASUED. Kafin nan jihar da ta fi kowacce cunkoso a ƙasar nan jami'ar jiha ɗaya tak gare ta, LASU da ke Ojo, wadda aka kafa a 1983.

Abin da ya rage na gwamnati a wannan mataki shi ne Kwalejin Fasaha ta Yaba, wadda tarihinta ke komawa 1947, da Kwalejin Ilimi ta Tarayya ta Fasaha da ke Akoka, da wasu ƙanana kamar kwalejin fasahar lafiya ta jiha a Yaba, da kwalejin harkar ƙungiyoyin gama-kai da ke Agege, da kwalejin kamun kifi da fasahar teku ta tarayya a Victoria Island. Ita ma Yabatech, a Fabrairun 2025 Ministan Ilimi Tunji Alausa ya ziyarce ta ya ce Shugaba Bola Tinubu ya amince a mayar da ita jami'a. Kwalejojin ilimi na tarayya kuma dokar 2023 ta ba su damar ba da digiri tare da NCE.

Masu goyon bayan wannan sauyi suna cewa ruwa ba ya tsami banza: ɗalibai ne da kansu suka juya wa difloma da NCE baya. Mafi yawan masu cike fom na JAMB jami'a suke sa wa a zaɓin farko. Lokacin da majalisar zartarwa ta tarayya ta dakatar da kafa sababbin manyan makarantun tarayya na shekara bakwai a Agustan 2025, ministan ya kafa hujja da cewa akwai kwalejojin ilimi 64 da ko mutum ɗaya bai neme su ba ta JAMB. A ganinsu, in gini da malamai suna nan amma takardar ba ta da farin jini, gara a canza takardar. Sukan kuma kawo misalin Ingila, wadda ta mayar da foliteknik ɗinta jami'o'i a 1992.

Masu adawa, ciki har da shugaban NBTE Farfesa Idris Bugaje wanda ya sha sukar mayar da foliteknik jami'a, suna cewa ƙasa ba ta ginuwa da masu zanen aiki kaɗai, sai da masu hannu a kan injin. Legas mai tashoshin jiragen ruwa a Apapa da Lekki, da matatar mai, da masana'antun Ikeja da Ilupeju, ita ce ta fi kowa buƙatar ƙwararrun wutar lantarki da walda da injinan sanyi da safiyo. Suna kuma nuna cewa sauya suna ba ya kawar da asalin ciwon, wato yadda ake kallon mai HND a wurin aiki.

Duk ɓangarorin biyu suna da hujja. Abin da babu jayayya a kansa shi ne tasirin sauyin ga yaro mai maki 130 da kiredit huɗu. Da ba a yi sauyin ba, da yana da makarantun jiha uku da zai gwada. Yanzu waɗannan jami'o'i ne, suna neman kiredit biyar da maki 150 zuwa sama. Sassaucin da aka yi a Abuja ya same shi a garin da kujerun da sassaucin ya shafa suka ragu. Zaɓinsa ya koma ko ya yi gogayya a Yaba da Akoka, ko foliteknik mai zaman kanta mai tsada, ko ya tsallaka Jihar Ogun zuwa Ilaro ko Abeokuta, ko kuma a mayar da shi gida Arewa wajen dangi ya shiga Kaduna Poli ko kwalejin ilimi ta jiharsu.

Ɗan Agege ne, amma takardarsa ta Katsina

Yaron da aka haifa a Zangon Agege, ya yi firamare da sakandare a nan, yana jin Yarabanci kamar Hausa, idan ya zo cike fom jihar kakansa ake tambaya. Makarantun jiha ko'ina a Najeriya suna fifita 'yan asalin jiha wajen gurbi, sau da yawa har da kuɗin makaranta da tallafi, kuma Legas ba ta fita daga wannan tsari ba. Akwai kuma dokar kare harshen Yarabanci da Gwamna Akinwunmi Ambode ya sa wa hannu a 2018, wadda ta ƙunshi sharaɗin kiredit a Yarabanci ga mai neman manyan makarantun jihar. Mai niyyar makarantar jiha ya kamata ya karanta sanarwar ɗaukar ɗalibai ta shekarar da kyau, kuma yaron da ke sakandare a nan bai yi asara ba in ya ɗauki Yarabanci ya rubuta shi.

A makarantun tarayya lissafin ya bambanta. Ana raba gurabe ne kashi 45 bisa cancanta, kashi 35 ga jihohin da ke kewayen makarantar, kashi 20 ga jihohin da aka ayyana suna baya a ilimin boko, kuma Kano, Katsina, Jigawa, Sakkwato, Kebbi, Zamfara, Bauchi, Borno da Yobe duk suna cikin jerin. Wannan kashi 20 wata dama ce da iyalai da yawa a Legas ba su san da ita ba. Sharaɗinta shi ne takardar shaidar asali daga ƙaramar hukuma ta dace da abin da aka rubuta a NIN da JAMB. Sau da yawa a nan ake tuntuɓe: suna ya zo Muhammadu a wata takarda, Mohammed a wata, ko ranar haihuwa ta sha bamban, sai gyaran ya cinye lokacin rajista.

Shiga daban, fita daban

Idan makaranta ta ce ta ɗauki dubu kaza, ana iya nufin abu huɗu mabambanta: waɗanda suka nema, waɗanda aka ba gurbi, waɗanda suka biya kuɗi suka yi rajista, da waɗanda suka kai ga rantsuwar sababbin ɗalibai. Kowane mataki yana zubar da wasu. Adadin da ake karantawa ranar yaye ɗalibai shi ma ba ya ba da cikakken hoto, domin sau da yawa ana haɗa rukunin shekaru biyu ko uku, a haɗa masu cikakken lokaci da masu karatun yamma. Ma'aunin da ya fi gaskiya shi ne a bi rukuni guda: cikin ɗari da suka shiga ND a shekara kaza, nawa suka fita bayan shekara biyu, nawa suka maimaita, nawa suka ɓace, nawa suka dawo HND. Wannan ce tambayar da ta kamata uba ya yi wa shugaban sashe, kuma sashen da ke kula da ɗalibansa zai iya amsa ta.

Dalilan zubewa a Legas ba ɓoyayyu ba ne. Na farko kuɗin mota. Ɗakunan kwanan makarantu ba sa isa, hayar ɗaki a Yaba da Akoka da Bariga kuma ta fi ƙarfin yawancin iyaye, don haka ɗalibi daga gida yake zuwa. Tun da aka janye tallafin man fetur a ranar 29 ga Mayun 2023, kuɗin zuwa da dawowa kullum na iya zarce kuɗin makarantar kansa in aka tara na zango. Jirgin ƙasa na Red Line da ya fara ɗaukar fasinja a Oktoban 2024, wanda ke tsayawa a Agege da Yaba, ya rage wa mazauna wannan layi wahala, amma ɗan Alaba Rago ko Mile 12 yana nan da cunkosonsa. Akwai kuma samarin da ke biyan kuɗin karatunsu da acaɓa. Hana babura da aka yi a ƙananan hukumomi shida a Yunin 2022, aka ƙara huɗu a Satumba, ya rufe wannan hanya a manyan sassan gari.

Na biyu shi ne tushe. Wanda ya shiga da rauni a Turanci ko lissafi zai gamu da su tun zangon farko, domin darussan bai-ɗaya ba sa barin kowa. Kwas ɗaya ya faɗi, na biyu ya biyo, keri-oba, wato darussan da zai maimaita, ta taru, shekara biyu ta zama uku. A nan ne masu sukar sassaucin ke da ƙarfin hujja: in aka saukar da sharaɗin shiga ba tare da ajin cike giɓi a shekarar farko ba, an ɗage faɗuwar ne daga bakin ƙofa zuwa cikin aji, bayan iyaye sun riga sun kashe kuɗi. Masu kare shi kuma suna cewa babu dalilin da zai sa a hana yarinya mai baiwar zane ko ɗinki shiga sashen zane-zane saboda lissafin da ba za ta yi aiki da shi ba.

Na uku jan kasuwa ne. Saurayin da mahaifinsa ke da rumfar albasa ko tumatir, ko hannu a cinikin shanu a Oko-Oba, yana ganin sa'anninsa suna juya kuɗi yayin da shi yake roƙon na mota. Ga 'yan mata kuma, nisan hanya da dawowar dare da maganar aure su ne ke yanke karatu a tsakiya. Iyalan da suka shirya tun farko cewa za ta ƙarasa ko da an ɗaura aure, sun fi ganin takarda a hannu.

Takardar da ba ta cikin kundi

Akwai asarar da ta fi faɗuwa jarrabawa ciwo, ita ce a gama karatu sannan a gano gurbin ba ya cikin kundin JAMB. Tun 2017 duk wani gurbi na halal ta manhajar CAPS yake bi, ɗalibi ya shiga da kansa ya karɓa, ya buga takardar shaidar gurbi. A 2024 hukumar ta ce ta daina wanke guraben da aka bayar ta bayan fage, ta kuma yi gargaɗi kan abin da wasu foliteknik ke kira fat-tayim na kullum, inda ake zuwa aji kowace rana kamar cikakken ɗalibi amma takarda ta fito da tambarin karatun wucin gadi.

Bambancin yana da nauyi saboda hukumar NYSC ba ta tura masu karatun wucin gadi bautar ƙasa, takardar keɓewa take ba su, kuma an sha takaddama a kan waɗanda suka yi ND na wucin gadi sannan suka yi HND na cikakken lokaci. Mai ND kaɗai ko NCE kaɗai ba ya zuwa bautar ƙasa, sai mai HND ko digiri wanda bai haura shekara 30 ba lokacin kammalawa. Karatun yamma da na ƙarshen mako yana da amfaninsa ga mai shago ko ma'aikacin da ke neman ƙarin girma. Matsalar ita ce a sayar wa yaro ɗan shekara 17 shi da sunan wani abu daban. Tambaya biyu ke raba gardama kafin a biya ko kwabo: gurbin ya fito a CAPS? Kwas ɗin yana da tantancewar NBTE ko NCCE?

Bayan an fita

Tsohon ciwon foliteknik shi ne bambancin HND da digiri. Shekaru da dama mai HND a aikin gwamnati yana shiga ta wani layi daban, ya tsaya a matakin albashi na 14 sai in ya ƙaro karatu, yayin da mai digiri ke wucewa. Majalisar Dokoki ta Ƙasa ta zartar da ƙudirin soke bambancin a 2021, amma Shugaba Muhammadu Buhari bai sa masa hannu ba har ya sauka. A 2023 NBTE ta fito da shirin ƙarin shekara guda ta intanet da jami'o'in waje don mai HND ya samu digiri, hukumar jami'o'i ta NUC ta ce ba ta amince ba. Ƙungiyar malaman foliteknik, ASUP, har yanzu wannan na cikin manyan buƙatunta. Wannan tarihi ne ke sa uba ya gwammace ɗansa ya zauna gida shekara biyu yana maimaita JAMB da ya shiga ND.

Sai dai kasuwar aiki ta Legas ba ta gwamnati ba ce kaɗai. A gyaran injina, haɗa sola, aikin gini, ɗab'i, ɗinkin zamani da harkar kwamfuta, abin da hannu ya iya shi ake fara dubawa, kuma shekarar sanin makamar aiki takan zama ƙofar samun aiki na dindindin. Ga iyalin da ke da jari a kasuwa, ɗa mai difloma a akanta ko harkar saye da adana kaya yana iya shigo da rubutaccen lissafi da hulɗar banki cikin kasuwancin gidan, ko da bai taɓa neman aikin ofis ba. Ita kuma NCE, albashin makarantu masu zaman kansu ƙarami ne, wannan na cikin abin da ya kore mata masu nema, amma makarantun Islamiyya masu haɗa boko da ke unguwannin Hausawa suna buƙatar malaman da ke da takarda da rajistar hukumar malamai ta TRCN, waɗanda kuma suke jin harshen yaran.

Ta fuskar kuɗi, asusun ba ɗalibai rance na NELFUND da aka kafa bisa dokar da aka sa wa hannu a Afrilun 2024 ya shafi ɗaliban foliteknik da kwalejojin ilimi na gwamnati, ba jami'o'i kaɗai ba. Yana biyan kuɗin makaranta kai tsaye ga makarantar, ya ba ɗalibin da ya nema naira 20,000 a wata. Bashi ne marar ruwa, abin da ya kawar da damuwar riba da ke hana iyaye Musulmi da yawa kusantar rance, kuma biya yana farawa shekara biyu bayan bautar ƙasa, ana cire kashi 10 na abin da mutum ke samu. Ana nemansa ne da lambar JAMB da NIN da BVN, don haka ɗalibin da gurbinsa bai bi ta JAMB ba, ko sunansa ya saɓa tsakanin takardun, sai ya gyara wannan kafin fom ɗinsa ya wuce.